Ɗakin Inna a Madina

Maamobi, Accra, 1988

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ya ƙafar Inna? Mu nan alhamdulillahi, kasuwar albasa tana tafiya.

Yaya, gidan Madina bai samu ba. Kuɗin shanun Baba da ka sayar mini, haɗe da na adashe, sun isa kafin alƙalami. Banki ne zai cika sauran, sai ma'aikacinsu ya nemi takardar albashi. Na ce, "Ni 'yar kasuwa ce, wa zai ba ni albashi?" Ya ce, "Hajiya, ba mu ga abin da za ki riƙa biyanmu da shi duk wata ba." Mai gidan ya sayar wa wani.

Kada ka damu, kuɗin suna nan, sai dai sidi, kuɗin nan Gana, kullum faɗuwa yake. Yau ba za su maido rabin shanun ba. Ka ce in dakata, ban ji ba.

Inna ta aiko direban albasa ya tambaye ni ko ɗakinta a sabon gidan yana kusa da famfo, saboda alwala. Na ce masa e. Don Allah kai ka gaya mata gidan bai samu ba, ni na kasa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zelia