Koriyar Kwalbar Inna

Suleja

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da su Muhsina. Ya zafin Sakkwato?

Kin tuna koriyar kwalbar turaren da marigayi Baba ya kawo wa Inna daga Makka, wadda ta fashe bara? Na yi mata alkawarin zana ta a kwamfuta, tunda sana'ata ke nan a Abuja. Siffar ba ta ba ni wahala ba, hasken ne ya gagare ni. Gilashi ba fenti ake shafa masa ba. Sai ka nuna wa kwamfuta yadda haske ke lanƙwasa idan ya shiga, da yadda kauri ke shanye shi. A wuyan kwalbar kusan fari ne, a gindi kuwa koren ya yi duhu. Tawa har yanzu kamar roba take. Ko a cunkoson motoci na hanyar Dutsen Zuma, kwalaben lemon masu talla nake ƙare wa kallo.

Inna ta kira ta ce in zo Zariya. Na ce sai na gama, kada in je mata hannu rabbana.

Ƙaninki,
Almu

Suleja

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Jiya na dawo daga Zariya.

Kwalbar ta yi. Har koren hasken da take zubarwa a kan tebur da hantsi na samu. Abokin aikina Stanley ya rantse hoto na ɗauka.

Na ɗora wa Inna kwamfutar a cinya. Ta daɗe tana kallo, ta ce ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai na ga yatsanta yana shafa gefen fuskar kwamfutar da babu komai.

Yaya, ciwon sugan ya taɓa idonta. Likita ya ce tun damina jini ke tsattsafowa a ciki, da an kawo ta da wuri da an ceci na dama. Kiran da ta yi min, so take in kai ta asibiti, amma ba ta son tayar min da hankali a waya. Ni kuwa ina nan ina gyaran gindin kwalba.

Na ɗauki hutu, ranar Asabar zan kai ta wurin likitan ido a Kaduna. Ki roƙi maigidan ki taho. Da idon hagu tana ɗan gane fuska idan mutum ya tsaya a rana. Kada ki jira komai.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Almu