Wayar da ta shiga bango a gidan Alhaji Jamaldeen

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na iso Salaga da hantsi. Alhaji Jamaldeen yana da gidan shaguna takwas kusa da kasuwa, yana so ya zuba firiza uku na kifi da kaji. Ya ce in duba in wutar gidan za ta ɗauka. Shi dai hannu yake so in sa a takardar amincewa. Da ya ga mace ce ta sauko daga mota da jakar aiki, sai da ya leƙa bayana yana neman namiji. Na saba.

Talata, 8 ga Oktoba

Babban makunnin gidan amp sittin da uku yake ɗauka, da amp muke auna yawan wutar da ake sha. Na bi shago-shago, na rubuta kekunan ɗinki, fanka, dutsen guga, injin kwafi. Na haɗa. Na maƙala na'urar awo a babbar waya, sai ya wuce lissafina da amp goma sha ɗaya.

Da azahar na roƙi kowa ya kashe komai. Gida ya yi tsit. Awo ya tsaya a kan goma sha ɗaya, bai motsa ba.

Na zaci satar wuta ce. Na bi wata tsohuwar baƙar waya daga allon rarraba wuta, ta bi bayan shagon Azara tela, ta shige bango. Ba ƙofa a wajen. Na dafa bangon, da ɗumi.

Azara ta ce ta daɗe da janye kekenta daga nan. Wai da la'asar takan ji gunji ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa. Ta faɗa tana gyara zare, ko kallona ba ta yi ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gaya wa Alhaji in aka ƙara firiza a haka, gobara ce, kuma mutum ashirin ke yini a gidan. Na tambaye shi me ke bayan bangon. Ya ce ɗaki ne na yayansa Mikaila, an toshe tun tuni. Daga nan ya kama maganar kifinsa da ke hanya daga Tema. Ban sa hannu ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yendi, gida. Inna ta ce na rame. Ban faɗa mata komai ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bawku. Azara ce ta ba ni sunan wanda ya ja wutar gidan, Baba Aruna. Na same shi a zaure, ido ya tafi, amma kai garau. Ina ambatar Salaga ya ajiye kofin kokonsa.

Ya ce injin niƙa Mikaila ke da shi a ɗakin da aka toshe. Wata safiya da damina ya dafa injin da jiƙaƙƙen hannu, a tsaye aka same shi, ya rasu. Shekara goma sha tara ke nan. Mahaifiyarsu ta hana a fitar da injin, ta sa a toshe ƙofa.

“'Yata, ni na yanke wayar da hannuna, a gindin injin, kafin a ɗora bulo. Na naɗe bakinta, na rataye a ƙusa.”

Na ce to me ke shan wutar, Baba? Ya ce shi ma tambayar da yake gudu ke nan. Da zan tafi ya ce in yi sallama kafin in shiga.

Litinin, 14 ga Oktoba

Alhaji ya yarda a fasa, amma ya tafi masallaci tun kafin a fara. Na kashe gidan gaba ɗaya, magini ya buɗe rami, na shiga.

Na yi sallamar. Ban yi niyya ba, ta fita.

Rufi na yoyo, ƙasa a jiƙe, inji ya yi tsatsa. Ashe wuta ce ke zurara ta jikin ƙarfen zuwa ƙasa, shi ne ɗumin, shi ne gunjin. Wannan na gane shi, kowane mai aikin wuta zai gane.

Ƙusar tana nan a bango. Wayar ba ta kanta. A haɗe take da injin, an murɗa ta da kyau, murɗi na mai sana'a. A jiƙaƙƙiyar ƙasar ɗakin babu sawun kowa sai nawa.

Wataƙila Baba Aruna ya manta ne. Tsufa.

Na cire wayar tun daga allo, na zare ta duka. Na mayar da wutar gidan, kayan kowa a kashe, awo ya koma sifili.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na sake lissafi sau biyu. Yanzu gidan zai ɗauki firiza ukun, har da ɗan saura.

Na rubuta firiza biyu a takarda, na sa hannu. Alhaji ya karanta, ya dube ni. Na ce dole a bar wa waya wurin numfashi, haka aka koya mana. Gaskiya ne, ana barin sarari. Ba dai amp goma sha ɗaya cif ba, kamar yadda na bari.

Na zaci zai yi gardama, don firiza na ukun yana ƙofa a cikin kwali. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce a mayar da ɗayan Tamale, inda aka sayo shi.