Igiya Ta Uku

Litinin, 3 ga Maris

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: duk jarumin da na karanta a littafin soyayya, kakin kakana nake sa masa. Rigar tana cikin kabad ɗin Kaka, igiya uku a hannunta. Ya tafi yaƙi Baba yana goye, rigar da hularsa kaɗai suka dawo. In ba kowa a ɗakin nakan zura hannuna a ciki. Wani lokacin sai in ji ta da ɗumi, kamar yanzu aka tuɓe ta.

Laraba, 5 ga Maris

Matar gidan tarihi ta zo. Baba ya yi musu alkawarin rigar, za su rataye ta a gilashi, a rubuta Saje a ƙasa. Yau hular kawai ta duba, ta ce a kai rigar Talata. Ta ce ita gaban lamba ba ya ruɗinta, juyawa take yi, don a bayan ɗinki ake ganin hannun mai allura. Baba ya ce, “Juya ki sha kallo, ni ɗan saje ne.” Ni dai na kawo ruwa na gudu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na juya. Da ban juya ba.

Igiya biyu ɗinkin keke ne, zaren ya koɗe daidai da rigar. Ta ukun da hannu aka yi, zaren gida, kuma ɗinkin ya karkata ta bahaguwar hanya. Na san shi. Shi ne a kalmasar siket ɗina na makaranta. Mutum ɗaya ke riƙe allura da hagu a gidan nan.

Na ɓoye rigar a ƙasan katifata.

Juma’a, 7 ga Maris

Na buɗe littafi, jarumin ya ƙi zuwa. Ƙamshin kafur ko’ina.

Asabar, 8 ga Maris

Ina tsefe wa Kaka kai na tambaye ta maganar ɗinkin. Ta ce, “Ke uwar kunya, ashe kina da ido.” Wai kakana kofur ne. Wai ana saura kaɗan ya tafi suka yi faɗa a kan gishiri, gishiri fa, ya tsinke igiyar aure ɗaya, kafin magariba ya mayar da ita. Ya ce in ya dawo za su yi dariyar abin.

“Da biyu ya bar ni, da biyu rigar ta dawo. Na ce ban yarda ba. Ni ba muƙami na ƙara masa ba, ’yar nan, aurena na gyara.”

Sannan ta ce in ja matsefin a hankali, kan nata ba na aro ba ne.

Litinin, 10 ga Maris

Baba yana ta neman rigar, har bayan kabad. Gobe baƙuwa za ta faɗa masa a gaban mutane, kuma ƙarya kawai za ta gani. Na tambayi Kaka, ta ce, “Kai masa, ya isa ji.”

Na zura hannuna ɗazu. Sanyi. Riga ce dai. Amma wajen ɗinkin nan na daɗe ina shafawa.

In ya dawo daga aiki zan miƙa masa. A juye.