Kashi Tara Cikin Ɗari

Litinin, 3 ga Maris
Takarda ta iso. Kashi tara cikin ɗari, wai iyakar nakasar da injin yanka katako ya yi wa hannuna na dama ke nan. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, amma tara! Sai an kai ashirin kamfani ke ɗaukar nauyin magani har ƙarshen rai. Ƙasa da haka, sallama ce sau ɗaya, kowa tasa ta fisshe shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata ya karanta rahoton likitan kamfani, ya dafe kai. "Maigida, kai ka daɓa wa cikinka wuƙa." Ranar da likitan ya duba ni, an ba ni ƙarfen gwaji in matsa, na matsa har idona ya kawo ruwa, ban nuna ina jin zafi ba. An tambaye ni ko ina iya sa riga, na ce tun ina shekara huɗu. To me zan ce wa likitan da gemu bai gama fito masa ba?
Abokin aikina Dogo da ya rasa kan yatsa ɗaya tal, sha biyar aka ba shi. Kuka ya yi musu kamar gidan mutuwa.

Juma'a, 14 ga Maris
Na ɗaukaka ƙara. Haƙƙina ne, ba bara ba. Da shara na fara a kamfanin nan, na bar shi ina koya wa masu digiri saita zarto.

Talata, 25 ga Maris
Wakili na so in nuna wa kwamitin da zai saurari ƙarar abin da ba na iyawa. In tsaya gaban baƙi ina kokawa da maɓalli? Allah ya kiyaye.
Maiɗakina ta ce, "Baban yara, wata bakwai ni ke sa maka maɓalli kafin yara su tashi. Ban gaji ba. Amma ranar da na kwanta ciwo fa?" Na ce mata shayin ya huce.

Lahadi, 30 ga Maris
Kofi ya suɓuce min. Na biyu a makon nan. Kofunan zamani ba su da mariƙin kirki.

Laraba, 9 ga Afrilu
An zauna, likitoci uku. Riga mai maɓalli shida na sa, ita kaɗai ce a goge. Suka ce in cire in mayar. Minti sha ɗaya, maɓalli biyu. Ba wanda ya yi dariya. Babbarsu ta tambayi wa ke taimaka min a gida. Na nuna ƙofa da haɓa. Aka kira maiɗakina, ta ƙarasa huɗun a gabansu, ta gyara min wuyan rigar yadda ta saba.
Sakamako sai wata mai zuwa. Ban dai roƙi kowa ba.