Harsashin Surukina Ya Ƙi Tashi

Malam Ɗanyaro, don Allah ka fitar da ni. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, ni kuwa abin ya hana ni sakat.

Ni ɗan Maraɗi ne, direban bas a Lyon. Ina harbin nishaɗi a wani kulob, da lisans ɗina da komai, takarda kawai muke hudawa. Wanda ya ɗora ni a kan wannan hanya surukina ne, Alhaji Mounkaila, mahaifin matata Balkisa, tsohon soja da ke zaune a Saint-Denis, gefen Paris. Da can in na je gidansa, daga gaisuwa sai sunkuyar da kai, ina kallon tabarma har a kawo abinci. Harbin nan ne ya ba mu abin hira. Yanzu har waya yake kirana, abin da ban taɓa mafarki ba.

To, bara na sayi wata tsohuwar bindigar soja, Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya je wurin dillali mai izini ya sayo mini akwati guda na harsasan da sojoji suka yi gwanjonsu, ya tuƙo mota tun daga Paris ya kawo mini da hannunsa. Malam, harsasan nan sun girme ni. Sai in ja kunama in ji ƙas, shiru. Wani ya tashi, wani ya ƙi.

Kuma duk zuwansa Lyon tare muke zuwa kulob, yana harbi a gefena. Ina zan iya nuna wa suruki kyautarsa ba ta da kyau? In harsashi ya ƙi, sai in yi wuf in zare shi in jefa aljihu, in yi ɗan tari. Balkisa ta tashi wanki ta ji wando ya yi nauyi, ta tambaya ko ƙira na koma. Zuwansa na ƙarshe ma wani ya yi ƙas, har na fara sauke bindiga, sai ga shi ya tashi, ya bugi ƙasa can gaba. Alhaji ya ɗauka saiti ne ya kuɓuce mini, ya yi ta koya mini riƙe numfashi, ni kuma ina ta “to, Baba”.

Wata mai zuwa akwai gasa, ya sa sunanmu tare, ya gama shaida wa mutanen masallacinsu cewa surukinsa gwani ne. Ina tsoron harsasan, ina kuma tsoron in yi magana mu koma zaman kurame. Yaya zan yi?

Naka, Mai Kunya, Rillieux-la-Pape

Amsa

Mai Kunya, na yi dariya har na kai wurin aljihun, nan dariyar ta tsaya. Na kai wasiƙarka wurin wani mai koyar da harbi a nan Paris, ya karanta ya dafe kai.

Harsashin da ya ƙi tashi wani lokaci jinkiri kawai ya yi, kamar wanda ka gani da idonka. Da ka riga ka buɗe bindigar a ranar, da a fuskarka zai fashe. Daga yau, in ka ji ƙas, bar bakin bindiga yana kallon takarda, ɗauke yatsa daga kunama, jira cikakken minti, ka ɗaga hannu mai kula da filin harbi ya zo. In kuma ya tashi da ƙara mara ƙarfi, kada ka sake harbi sai an duba ko kan harsashin ya maƙale a cikin bututun bindigar. Waɗanda ka tara ka miƙa su ga kulob, su suka san yadda ake zubar da su.

Amma kada ka yanke wa kyautar Alhaji hukunci tukuna. Dubi gindin waɗanda suka ƙi. In allurar bindiga ta lotsa su sosai, tsufa ko laima ta cinye su. In ɗan tabo ne sama-sama, bindigarka ce: tsohon maiko ya daskare ko sifirin ɗin da ke tura allurar ya gaji, harsashin soja kuwa gindinsa tauri gare shi. Kai ta wurin mai gyaran bindiga ya wanke ya gwada ta da sababbi. Ko ma me ya gano, akwatin da ya taɓa jinkiri ba na gasa ba ne.

Kunyarka tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai ka manta wane ne surukinka. Kira shi kafin gasa, ka je masa a matsayin ɗalibi: ga abin da ya faru, ga gindin harsasan, me Baba ya gani? Tsohon soja ba abin da yake so irin a tambaye shi. Zai yi maka faɗa a kan aljihun, ka sunkuya ka sha, hakkinka ne. Faɗan nan ma hira ce.

Ka tuna, in ka ji rauni da harsashin da ya ba ka, shi ne zai kasa haɗa ido da ’yarsa. Kada ka ja masa wannan da sunan ladabi. Allah ya tsare, ya ba ku sa’ar gasa, ka gaida Balkisa.

Malam Ɗanyaro