Ƙorafi Kan Abin da Aka Yi wa Majinyaciyar Gado na Tara

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Asibitin Koyarwa,
Ta hannun Ofishin Karɓar Koke-koke.

Daga:
Mijin majinyaciyar gado na tara,
Ɗakin Mata na Masu Ciwon Zuciya.

Litinin, 12 ga Fabrairu, 2024.

Game da: Cire shafin gargaɗi daga fayil ɗin maiɗakina saboda jarrabawar ɗalibai, da shanyewar ɓarin jiki da hakan ya jawo mata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina neman izinin gabatar da wannan kuka a gaban ofishinka mai daraja. Ni tela ne. Ban yi karatun likita ba, kamar yadda aka tuna mini a cikin wannan asibiti. Saboda haka ba zan rubuta komai ba sai abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, tare da ranakunsu.

1. An kwantar da maiɗakina ranar Litinin, 8 ga Janairu. Bayan gwaje-gwaje, Babban Likitan Zuciya ya bayyana mana cewa tana da wata cuta da ba kasafai ake gani ba, wadda ke kumbura manyan jijiyoyin jini har su tsuke. Cutar ta tsuke jijiyoyin da ke kai jini hannuwanta biyu, shi ya sa ba a jin bugu a wuyan hannunta. Ya ce in an auna jininta a damtse, na'ura za ta nuna ya yi ƙasa, alhali a gaskiya hawan jini gare ta mai tsanani. Dole sai a cinya za a auna, da wani babban maɗauri na musamman. Ya rubuta wannan da jan biro a shafin farko na fayil ɗinta. Ya kuma gaya mini cewa a shekara ashirin da shida yana aiki, sau uku kacal ya ga irinta. Na lura da fara'a ya faɗi haka, amma a lokacin na ɗauka murnar gano ciwon yake yi.

2. Daga 10 zuwa 19 ga Janairu, kullum safe sai an kawo ɗalibai bakin gadonta, su yi layi suna lalubar wuyan hannunta. Mace ce mai kunya, shekara goma sha tara muna tare ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba ta hana kowa ba. In ɗalibi ya kasa jin bugun ya rikice, Babban Likita ya yi dariya, sauran su taya shi, ita kuma ta sunkuyar da kai kamar laifinta ne. A wannan ɗaki ba wanda ke kiran sunanta, "Marar Bugu" suke ce mata, har masu shara.

3. Ranar Juma'a, 19 ga wata, da misalin ƙarfe biyu na rana, sakataren sashen ya zo ya zare shafin farko daga fayil ɗin a gabana. Da na tambaya, ya ce haka ake yi duk shekara: ranar Litinin akwai jarrabawa, maiɗakina na cikin waɗanda za a gwada ɗalibai a kansu, kuma ɗalibai kan leƙo ɗakin a ƙarshen mako su saci amsa. Ya ɗauke babban maɗaurin shi ma, wai ganinsa a kan gado zai tona asiri. Ya kulle su a kabad ɗin ofis, ya tafi da makulli. Kafin ya fita ya sunkuya ya ce mata, "Baba, duk wanda ya zo da farar riga ya tambaye ki ciwonki, ki ce ba ki sani ba. Umarnin Babban Likita ne." Ta ce to.

4. Ranar Asabar da safe, wani likita da ban taɓa gani ba ya karɓi aiki, tare da wata ma'aikaciyar jinya da aka aro daga wani ɗaki. Ta auna a damtse, ta sami saba'in bisa arba'in. Likitan ya buɗe fayil, bai ga gargaɗi ba. Ya tambayi maiɗakina ciwonta, ta dube ni, ta dubi farar rigarsa, ta ce ba ta sani ba. Nan take ya tsayar da magungunan hawan jininta, ya sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa.

Ranka ya daɗe, na yi magana. Na ce a cinya ake auna ta, na ce an cire shafi, na nuna musu ƙofar ofishin da aka kulle shi a ciki. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, me ka ce kana yi ne?" Na ce ɗinki. Ta ce, "To in mun yage riga za mu neme ka." Na roƙi a kira Babban Likita a waya, aka ce ba a damunsa a ƙarshen mako kan maganar 'yan jinya. Da na sake roƙo, mai gadi ya raka ni waje. Daga baya na ga abin da aka rubuta a littafin ɗakin: "Mijin gado na tara yana hana ma'aikata aiki."

5. Ranar Lahadi, 21 ga wata, da aka bar ni na koma ɗakin, an ƙara mata leda biyu na ruwa, domin awon damtse bai tashi ba, kuma ba zai taɓa tashi ba. Tun hantsi take amai. Ta kama rigata ta ce, "Baban yara, kaina zai tsage." Aka ba ta maganin ciwon kai. Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma ina ba ta ruwa a cokali, sai na ga yana zubowa ta gefen bakinta. Hoton kai ya nuna jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Wannan maganar ta ciwon kai ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinta har yau.

6. Ranar Litinin da safe shafin ya dawo cikin fayil, lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba. Aka fito da maɗaurin, aka auna cinya aka sami ɗari biyu da ashirin, duk da alluran da aka yi mata bayan hoton kai. Babban Likita bai soke jarrabawar ba. Ya tsaya da ɗalibai a kanta, ya ɗaga hannunta na dama ya saki, hannun ya faɗi a kan katifa. Ya ce, "Kun yi sa'a. Wannan ma yana cikin abin da cutar ke kawowa, ga shi kun gani da idonku." Sannan ya juyo ya tambaye ni me ya sa ban yi wa likitan Asabar bayani ba. Na tsani kaina da na tsaya ina ce masa ranka ya daɗe.

7. Ranar Laraba, 7 ga Fabrairu, na fita sayo sabulu. Da na dawo na tarar da shuɗiyar tawada a babban yatsanta na dama. Maƙwabciyar gadonta ta shaida mini cewa sakataren ya zo da takardar amincewa a buga hotunanta da labarin ciwonta a mujallar likitoci. Ya kama hannun da ba ya motsi, ya dangwala da kansa, ya ce ta yarda tunda ba ta ce a'a ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka da girmamawa: a binciki wanda ya ba da umarnin cire shafin, a sanar da ni sakamakon a rubuce. A goge abin da aka rubuta a kaina a littafin ɗakin. A hana cire kowane shafi daga fayil ɗin mai rai saboda jarrabawa, domin na ji akwai wata a watan gobe, kuma lambar gadonmu na cikin jerin. A ba ni takardar nan mai tawada, in yaga ta a gabanta, don har yanzu tana gani kuma tana gane komai.

Ina neman afuwa in harshena ya zarce a wani wuri. Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya tsare iyalinsa daga zama abin koyarwa.

Naka mai biyayya,
Mijin majinyaciyar gado na tara.
Na sa hannu ni kaɗai. Na karanta mata takardar sau biyu, ta yi hawaye, amma ba zan ce ta amince ba tunda ba ta iya faɗa.