Ƙaninki Ne Ke Zama a Kujerata

Zuwa ga matata Rabi,

Assalamu alaiki. Ina fatan makwancinki ya yi faɗi da haske. Bayan gaisuwa, akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina. Kin san halina, sai na rubuta abu nake gane kansa.

Ɗanki ya yi laifi. Shi da abokansa sun ɗauki babur ɗin wani mai kai abinci a nan unguwar Ammariyya ta Jidda, wai da wasa, suka je suka daki ƙofar wani kanti. Ba wanda ya ji rauni. Da yake karonsa na farko ne, ba a kai shi gidan tsare yara ba. An miƙa shi ga wata ƙungiyar taimako inda yake koyon gyaran waya, bisa sharaɗin duk Asabar waliyyinsa zai je su zauna tare a gaban malamar da ke kula da su.

Waliyyinsa ni ne, Rabi. Amma tun da kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya rufe shagon ɗinkin da nake aiki, iƙamata ta izinin zama ta mutu, kuma a bakin ƙofar can takarda ake fara tambaya. In na shiga, wataƙila daga nan sai jirgin mayar da ni gida. Shi yaron yana kan takardun gidanku, don haka ƙaninki Usama ne ya sa hannu.

Na gode masa, har gidansa na je a unguwar Madain Fahd. Amma ke ba zan ɓoye miki ba, kishinsa nake yi. Kishi mai nauyi, wanda ban san namiji mai shekaruna zai iya ɗauka ba.

Ranar Asabar nakan tsaya a tsallaken titi, wurin mai shayi, in jira fitowarsu. Sai in ga Usama ya rataya hannu a wuyan yaron, suna zuba Larabci suna dariya, har ya sumbaci kansa a gaban mutane. Ban san ɗanki yana dariya da dukan jikinsa irin taki ba, sai daga tsallaken titin nan. In ya dawo gida, abin da nake samu bai wuce na'am da halas ba, wato shi ke nan.

Kin tuna yadda kike yi mini tsiya? Kina cewa, "Kai da kunyar ɗan fari, sai ka ce ba a Jidda kake ba." Ke a nan aka haife ki, abin dariya yake ba ki. Ni kuwa a garinmu haka na taso. Mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunan yayana ba, kuma duk gida an san ba wanda yake so kamarsa. Na ɗauka yaron nan ma ya sani. Wa zai gaya masa? Ke ce mai fassara ni a wurinsa, kin kuwa tafi.

Usama ne ya faɗa mini, cikin ladabi, kuma ladabin ya fi maganar yi mini zafi. Malamar ta tambayi yaron wurin wa yake zuwa in abu ya dame shi. Ya ce wurin kawunsa. Ta ce mahaifinsa fa? Ya ce mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, bai san laifin da ya yi masa ba.

Na gwada, wallahi. Yaron ya zo wucewa, na shirya sunan a bakina, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, kai, rufe ƙofar nan.

Yanzu ga inda ake. Masu ba ƙungiyar tallafi sun ja baya, za a rage yara. Waɗanda za a bari su ne waɗanda aka ziyarci gidajensu aka ga waliyyi yana kwana tare da su. Wanda aka cire, shari'arsa za ta koma farko. Usama ya ce a bar yaron ya koma wurinsa da zama har a gama.

Na zarge shi a zuciyata. Na ce 'ya'yansa duk mata ne, ya samu ɗa namiji a ɓagas. Na yi istigfari, zargin ya sake dawowa. Har yanzu ban tabbata ba ko shi ne mai son ƙwace mini ɗa, ko ni ne na bar ƙofar a buɗe.

Yau da safe na ce masa na yarda. Na wanke kayan yaron da hannuna, na rage tsawon sabon wandonsa. Abu ɗaya na roƙa, duk Juma'a yaron ya zo mu ci abinci tare. Usama ya amsa nan take, har ya ce shi zai riƙa kawo shi a mota. Wannan ma ya ba ni haushi.

Allah ya jiƙanki, Rabi, ya gafarta miki. Allah ya shirya mana ɗanmu, ya saka wa ƙaninki da alheri, kada ya gaji. Ni kuma Allah ya cire mini wannan abu daga zuciya. In bai fita ba, Allah ya sa kada yaron ya gani a fuskata ranar Juma'a.

Mijinki da bai daina kewarki ba,
Lawal